Kunun da Ya Juya: Bin Sawun Abin da Ke Lalata Kunun Zaƙi da 'Yan Uwansa

A wani azumi da ya faɗo tsakiyar bazara, kunun zaƙin Gwaggona ya fara yauƙi. Ta haura shekara ashirin tana wannan sana'a a Tudun Wadar Zariya, kuma duk wanda ya san layinsu ya san kafin la'asar sakaliya gorunanta sun ƙare. Ran nan da rana ta tsoma ludayi ta ɗaga, sai kunun ya biyo shi da zare kamar miyar kuɓewa. Babu wari, babu kumfa, yaran da ba sa azumi ma sun ce ɗanɗanon bai sauya can ba. Amma wa zai ga wannan zaren ya kai baki? Ta tuttular da bokiti biyu a kwata. Washegari haka. Rana ta uku ma haka.

Da na shiga gaishe ta, na tarar da ita a gindin turmi ta yi tagumi. "Ɗan nan," in ji ta, "wurin mutum ɗaya nake awon gero, inji ɗaya nake kai markaɗe, hannuna bai canza ba. Wannan ba haka kawai ba ne. Baki ne." Na ce, "Gwaggo, addu'a kam ba za mu bari ba. Amma ki ba ni kwana biyu in bi sawun abin." Ban ga laifinta ba. Wanda ya yi abu sau dubu yana fita daidai, ranar da ya ƙi fita dole hankalinsa ya tafi waje. Kuma ta yi gaskiya cewa wani abu ne ya shigo mata. Abin da ya rage a sani shi ne ta wace ƙofa.

Kunun zaƙi abu ne mai rai, kuma mu da kanmu muke zuba masa ran. A duba yadda ake yinsa. A jiƙa gero ko dawa ya kwana, a wanke, a kai markaɗe da citta da kanumfari da masoro. A raba ƙullun gida biyu. Babban kason a sheƙa masa tafasasshen ruwa a dama har ya yi kauri. Ƙaramin kason, wanda ke ɗauke da busasshen dankalin Hausa ko tsiron hatsi, a bar shi ɗanye. In damammen ya sha iska sai a zuba ɗanyen a ciki, a juya, a rufe ya kwana. Da asuba za a tarar kaurin ya tsinke, zaƙi ya fito, ga ɗan tsami mai daɗi. Sai tata, sai ƙarin ruwa da sukari.

Aiki biyu ne ke gudana a cikin daren nan. Na farko, akwai wani sinadari a cikin dankali da tsiro da ke yayyanka sitacin gero yana mai da shi sukari, shi ya sa kunun ke tsinkewa ya yi zaƙi tun ba a sa masa ko ƙwayar sukari ba. Na biyu, ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda ke jikin hatsin da cikin ɗanyen ƙullun, suna cin wani ɓangare na wannan sukari suna fitar da tsami irin na nono. Dangin bakteriyar da ke mayar da madara kindirmo ne. Wato tafasasshen ruwa ya kashe yawancin abin da ke cikin babban kaso, mu kuma muka dawo muka shuka sabo da hannunmu. Saboda haka tambayar "ko wani abu ya shiga kunun?" ba ta da amfani sosai, don kullum sai ya shiga. Tambayar da ke kai mutum ga gyara ita ce, a cikin duk waɗanda suka shiga, wa ya riga wa?

Tsere ne na gaske. A yanayin da ya yi musu daɗi, wasu daga cikin waɗannan halittu na ninkuwa duk minti 20. Ƙwaya ɗaya da magariba, bayan awa 7 ta haura miliyan 2. Masu tsami in suka yi sammako, sai su tsamama kunun har sauran su kasa rayuwa a cikinsa. Masana abinci na auna wannan da ma'aunin da ake kira pH, wanda ruwan sha ke tsayawa a kan 7, kuma duk sa'ad da lambar ta yi ƙasa tsami ne ya ƙaru. Kunun da ya kwana da kyau yakan sauko wajen 4. Ƙasa da 4.6 kuwa iyaka ce da masu sarrafa abinci a duniya ke ba muhimmanci, domin da yawa daga cikin masu kawo cuta ba sa iya yaɗuwa a ƙarƙashinta. Tsamin nan da wasu ke cewa a rage shi ne katangar kunun.

Yawancin abin da aka sani game da wannan tsere daga wurin masu yin giya aka fara gano shi, kuma babu amfanin ɓoye hakan. A 1856 wani mai masana'antar barasa a birnin Lille na Faransa ya kai wa masanin kimiyya Louis Pasteur kuka cewa wasu tukwanensa na yin tsami su lalace, wasu kuma su fita lafiya, alhali kayan haɗi ɗaya ne. Da Pasteur ya duba a madubin ƙara girma, sai ya ga a tukwane masu kyau ƙwayoyin yis ne zagayayyu suka cika, a lalatattun kuwa wasu 'yan sanduna ne ƙanana. Kukan Gwaggo ke nan, shekara fiye da ɗari da sittin kafin nata. A 1883 Emil Christian Hansen, a ɗakin binciken Carlsberg da ke Denmak, ya ware yis iri ɗaya tak ya rene shi, don a daina barin tukunya ga wanda ya riga zuwa. A nan gida ma, burkutu da fito, wanda a arewacin Gana ake kira pito, 'yan uwan kunun zaƙi ne na jini: tsiron dawa, niƙa, dahuwa, tsami. Abin da ya raba su shi ne masu burkutu na sa yis da gangan su ba shi kwanaki ya yi barasa, mai kunu kuwa tana tsayar da aikin tun da safe.

Sai dai akwai maganar masu dafa giya a gida a ƙasashen Turai da bai kamata a ɗauko a ɗora wa kunu ba. Sukan ce giyar da ta lalace ɗanɗano take ɓatawa, da wuya ta kai mutum asibiti. Su suna da dalili. Abin nasu na da katanga huɗu: barasar kanta, da ɗacin wani fure da suke dafawa a ciki wanda ke hana bakteriya da yawa motsi, da tsami, da iskar gas da ke korar iskar shaƙa daga tukunya. Kunu katanga ɗaya gare shi, tsami. Ta biyun ita ce sanyin firji, ita kuwa sai ranar da aka kawo wuta.

To, yaya ake karanta kunun da ya juya? Kowace lalacewa na da sawunta.

In tsami ne ya yi yawa, amma tsami mai tsabta irin na nonon da ya kwana biyu, babu baƙon da ya shigo. Masu gida ne suka wuce gona da iri saboda zafi da tsawon lokaci. Daren watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ba daren hunturu ba ne, kuma kunun da ke buƙatar awa goma a lokacin sanyi yana iya gamawa a ƙasa da haka nesa in bazara ta kama. Maganin a jinkirta haɗin zuwa bayan isha'i, ko a tace tun da asuba.

In tsamin kuwa yana hawa hanci yana yaji kamar ruwan khal, labari ya canza. Wannan aikin hawa biyu ne. Sai yis ya fara mai da sukari barasa, sannan wata bakteriya mai son iska ta mai da barasar khal. Ana samun haka a kunun da aka bari a buɗe ko a faffaɗar roba, kuma ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓen mangwaro su ne manyan masu yi mata dako. In kin gan su suna shawagi a bakin bokiti, kin ga ƙofar.

Sai gorar da ta kumbura, gindinta ya turo, in an murɗa murfin ta ce fus, kumfa ta taso, ƙamshi kamar na kwaɓin burodi ko fanke. Yis ne. Shi kuwa duk inda ya ci sukari abu biyu yake fitarwa a tare, gas da barasa. Babu yadda za a samu wannan kumfar ta yis ba tare da an samu ɗan rabon barasa ba, kuma tana ƙaruwa da kowace awa. Wannan ba sabon sani ba ne ga Musulmi. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi, ya sha a ranar da washegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage sai ya sa a ba wani ko a zubar. Hukuncin na malamai ne, ni abin da zan ƙara kawai shi ne kunun da aka cika wa sukari aka ɗura a gora aka ajiye a zafin digiri 40 na ma'aunin Salshiyos ba ya jiran kwana uku. Wani lokacin yini ɗaya ya ishe shi. In kuma gas ɗin ya zo da warin ruɓa maimakon ƙamshin kwaɓi, to ba yis ba ne, kada ma a ɗanɗana.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne kunun da ya ƙi tsinkewa. An wayi gari yana nan da kaurinsa, babu zaƙi, babu tsami, wani lokaci da wani wari-wari kamar na amai ko na man shanun da ya daɗe. Mata da yawa kan ce dankalin ne ba shi da kyau, su ƙara ruwa da sukari su sayar. Sau da yawa abin da ya faru gaggawa ce. An zuba ɗanyen ƙullu tun damammen yana turiri. Sinadarin da ke yanka sitaci yakan mutu in zafi ya wuce digiri 75 ko makamancin haka a ma'aunin Salshiyos, masu tsami kuwa tun kafin nan sun mutu. To wa ya rage? Akwai wasu bakteriya na cikin ƙasa da ke zuwa a jikin hatsi, waɗanda in wuya ta yi wuya sukan dunƙule cikin wani ɓawo mai tauri da tafasa ba ta fasawa. Da kunun ya huce sai su farka su tarar da fili babu kowa, ga abinci, ga ɗumi, babu tsamin da zai hana su. Ɗaya daga cikinsu ita ke kawo warin aman nan. Wata kuma, Bacillus cereus, wadda aka fi sani da ɓata shinkafar da ta kwana, tana iya zuba dafi a ciki ba tare da wani wari ba, kuma dafin ba ya mutuwa ko an sake ɗorawa a wuta. Tsofaffin da ke sa bayan hannu a jikin roba, su ƙi zuba ɗanye sai sun ji ɗumin da fata ke jurewa, ilimi suke aikatawa. Kunun da ya kwana bai yi tsami ba, a ganina, na zubarwa ne, ko da kuwa hanci bai ji komai ba.

Abin da ke tasowa a sama ma iri biyu ne. Farar yana mai laushi, shimfiɗaɗɗiya, wani lokaci da 'yan tamoji, yawanci wani irin yis ne mai son iska, alamar kunun ya tsufa. Mai gashi-gashi kuwa, ɗigo-ɗigo, kore ko baƙi ko shuɗi, fumfuna ce, kuma kwashe ta da cokali ba ya raba kunun da ita.

Ba kowace lalacewa ce ta mai rai ba. Ɗanɗanon ƙarfe daga sabon dutsen inji ko tsatsar tukunya yake zuwa. Warin kananzir ko fetur daga jarkar da aka ɗebo ruwa. Ɗacin sabulu daga ɗauraya ɗaya. Bambancin mai sauƙi ne: irin wannan yana nan tun daga farko kuma ba ya ƙaruwa, na mai rai kuwa da safe babu shi, da azahar ya fara, da la'asar ya cika. Kada kuma a raina wannan ɓangaren. Mutanen Kano ba su manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta a asibiti, wasu na fitsarin jini, wasu suka rasu, bayan shan lemon da aka haɗa da gari. Hukumar NAFDAC ta ce wani sinadarin masana'antu ne aka sayar da sunan ɗan tsami. Farin gari a ƙulle cikin leda, babu suna babu takarda, ba abin da za a zuba wa mutane a ciki ba ne, komai arharsa.

Yauƙin Gwaggo kuwa sawunsa a bayyane yake. Akwai wata bakteriya cikin dangin masu tsamin, Leuconostoc, wadda in ta samu sukarin rake sai ta saƙa shi ya zama wani abu mai danƙo. Masu matse rake a masana'antun sukari sun daɗe da saninta, don takan toshe musu bututu. Saboda haka na san wace ce. Inda take kwana a gidan ne ban sani ba.

Dabarar da na yi ta masu giyar ce: sukan ɗebi kaɗan daga kowane mataki su rufe su ajiye a wuri mai ɗumi, su ga wanne zai fara juyawa. Na nemo kwalaben bama guda biyar, na dafa su da murafensu a tukunya, na kife su suka bushe. Na dafa cokula biyar, don kada cokali ɗaya ya ɗauki abu daga nan ya kai can. Da asuba, kafin Gwaggo ta taɓa komai, na ɗebi kunun da ya kwana daga cikin babbar roba: kwalba ta ɗaya. Bayan ta tace: ta biyu. Bayan ta ƙara ruwa: ta uku. Daga cikin bokitin da take haɗa sukari: ta huɗu. Daga gorar da aka ɗura: ta biyar. Kowacce na sa mata sukari cokali ɗaya daga sabuwar leda, na rubuta lamba da gawayi a kan takarda na liƙa, na jera su a kan taga inda rana ba ta bugu kai tsaye.

Da la'asar muka zauna ni da ita muka buɗe. Na tsoma tsinke a ta farko na ɗaga, ruwa ya ɗiga tsaf. Na tsoma sabon tsinke a ta biyu, zare ya biyo shi kusan rabin taƙi. Ta uku, ta huɗu, ta biyar, duk haka. Gwaggo ta yi shiru tana kallon kwalaben, sannan ta juya ta kalli ƙyallen tatarta, wani farin yadi da ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, a dunƙule cikin rariya a bayan randa. "Kullum fa sai na wanke shi," in ji ta. Na ce, "Na sani, Gwaggo. Yaushe rabon da ya bushe?" Sai ta ƙirga. Tun da azumi ya kama ciniki ya ninka, take tata sau biyu a rana, ƙyallen bai ƙara ganin igiya ba. A ɗauraye, a matse, a dunƙule, a ajiye da danshinsa a wannan zafin. Na shinshina shi, na murza tsakanin yatsu, yana da santsi.

Ban tsaya a nan ba, don gwaji ɗaya na iya zama dace. Washegari muka raba kunun biyu, rabi aka tace da tsohon ƙyalle, rabi da sabo da muka dafa. Ba mu canza komai ba bayan wannan, gero ɗaya, ruwa ɗaya, sukari ɗaya. Wannan shi ne wurin da mutane da yawa ke ɓata bincikensu. In abu ya lalace sai a canza mai gero, a canza inji, a canza roba, a canza ruwa, duk a rana ɗaya. Ko an dace ya gyaru, ba a san abin da ya gyara shi ba, in ya dawo kuma sai a koma farko. Na sabon ƙyallen ya kai magariba lafiya. Na tsohon ya yi zare.

Wanki daban, kashe ƙwayoyi daban. Sabulu da soso na cire abin da ido ke gani, kuma dole a fara da su, domin babu maganin da ke ratsa busasshen ƙullu. Amma waɗannan halittu sukan gina wa kansu wani santsi su manne a saƙar yadi, a tsagar ƙwarya, a kan muciya, da cikin ƙarzar da soson ƙarfe ke yi wa roba. Tsohon bokitin da cikinsa ya yi zane-zane gida ne da ba ya sharuwa. Abin da ke jure wuta, kamar ƙyalle da ludayi da rariyar ƙarfe, a tafasa shi. Abin da ba ya jurewa, a jiƙa shi 'yan mintoci a ruwan bilic marar ƙamshi irin su Hypo, kimanin cokalin cin abinci ɗaya a lita 4 na ruwa, kada a gauraya shi da wani sinadarin wanki, sannan a kife ya tsane. Bayan haka rana. Ranar ƙasar nan kyauta ce, kuma bushewa ƙayau na kashe abin da ɗauraya goma ba ta kashe ba. Injin markaɗe ma a sa masa ido. Wanda ya kai gero da yamma yana gadon ragowar waken ƙosai da kayan miyan da aka markaɗa tun safe, saboda haka a roƙi mai inji ya wanke da ruwan da aka zo da shi, a kuma bar ƙullun farko ya zuba a wani mazubi daban.

Duk wannan game da lalacewar da ke nuna kanta ne, wadda asararta ta jari ce. Wadda ke kwantar da mutum yawanci ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta kumbura gora. Ƙwayar kwalara da ta taifot ba sa buƙatar ɓata kunu kafin su ɓata mai sha, hawa kawai suke yi. Kuma kusan kullum bayan wuta suke shigowa: a ruwan da aka tsinka kunun da shi, a ƙanƙarar da aka fasa aka jefa, a hannun da ya matse tata, a gorar da yaro ya tsinto bayan taron biki. Mai kunu za ta ƙona itace ta tafasa ruwan damu, sannan da safe ta ƙara bokiti guda na ruwan ɗan garuwa yadda ya zo. Tsamin kunun na taimakawa, amma ƙarin ruwa na rage shi, kuma ba ya kisa nan take. Ruwan ƙari ya kamata ya tafasa sosai na aƙalla minti ɗaya ya huce a rufe, tun daren jiya.

A nan kunun aya ya fi kowa rauni, kuma na damu da yadda ya yaɗu ba tare da wannan sani ya bi shi ba. Ba ya ganin wuta ko kaɗan. Ba ya kwana ya yi tsami. Lambarsa a ma'aunin pH tana kusa da ta ruwa, ga mai, ga zaƙin dabino da kwakwa, ga aya da daga cikin ƙasa aka tono ta. Ba shi da katanga ko ɗaya sai sanyi. Mutanen Balensiya a Sifaniya, waɗanda su ma suke yin irinsa da aya tun ƙarnuka, ɗanyensa a cikin tsananin sanyi suke riƙe shi daga tata har kofi. Da kwalara ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024, jami'an lafiyar jihar sun ce da dama daga cikin waɗanda suka kamu a yankin Eti-Osa sun sha wani kunun aya marar rajista. Firjin da wuta ta ɗauke masa tun tsakar dare ba firji ba ne, kuma sanyi ba ya kashe komai, dakatarwa kawai yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya na gargaɗi a kan barin abinci tsakanin digiri 5 da 60, kunun aya kuwa a kan tire cikin rana yana tsakiyar wannan fili.

Zoborodo ya fi su kariya, don an dafa shi kuma tsaminsa na asali mai ƙarfi ne. Amma mai jefa kanwa don ta kashe tsamin ta rage kuɗin sukari ta sani katangar take rushewa. Launin da ke komawa duhu shi ne shaidar.

Akwai kuma wadda ke shigowa tun daga buhu. Hatsi, gyaɗa ko ayar da aka adana da danshi kan yi fumfunar da ke fitar da dafin afalatoksin, wanda tafasa ba ta rusa shi, kuma yana taruwa ya lalata hanta. An gano shi ne bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon abincin da aka haɗa da gyaɗa, kuma a Kenya a 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125. Ayar da ta yi baƙi, ko ta yi ɗaci, ko ta taso saman ruwa wajen jiƙo, a tsince ta a yar.

In kuwa har wani ya sha ya kwanta, lokacin da ciwon ya ɗauka kafin ya bayyana shi ma sawu ne. Amai mai ƙarfi cikin awa 1 zuwa 6 ya fi nuna dafin da aka riga aka zuba a cikin kunun, ko daga masu ɓawon nan, ko daga wata bakteriya da ke zama a hanci da ƙurajen hannu. Zawo da zazzaɓi bayan yini ko kwana biyu ya fi kama da ƙwaya mai rai da ta shiga hanji. Gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa, ba tsayawa, a ɗauke ta a matsayin kwalara a nufi asibiti nan take, ana ba mai ita ruwan gishiri da sukari a hanya: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Taifot kuwa takan ɗauki mako 1 zuwa 3, shi ya sa da wuya a tuna da gorar da ta kawo ta, kuma mai sayarwa ba za ta taɓa jin labari ba.

Yanzu ƙyallen tata uku ne a gidan Gwaggo, ɗaya a aiki, biyu a kan igiya, kuma kowanne sai ya shiga tukunya kafin ya taɓa kunu. Sukari ba ya shiga sai an zo ɗuri. Ruwan ƙari tun dare take dafa shi. Goruna ne har yanzu muke ja da ita. Robar ruwan sha ba ta jure tafasasshen ruwa, tana lanƙwashewa, wuyanta ƙunci ne soso ba ya shiga, kuma datti a cikin zaren murfi yake maƙalewa. Na ce ta koma sayen sababbi. Ta zauna ta yi mini lissafi da yatsu: kuɗin gero, kuɗin markaɗe, itace, sukari, ƙanƙara, sannan abin da sabuwar gora za ta ci daga ribar kowace ɗaya, a unguwar da in ta ƙara ko naira hamsin yara za su wuce gida na gaba. Abin da muka tsaya a kai shi ne ta daina karɓar na tsintuwa, ta riƙa karɓa daga gidajen da ta sani, a wanke da burushin kwalba, a jiƙa su da murafensu a ruwan bilic, a kife su a kan kwando har su bushe. Yana cin mata awa guda kowace safiya, kuma jikokinta biyu ne ke yi kafin su tafi makaranta.